Itacen da aka ce ya yi shiru

Masassaƙin da ya san aikinsa ba ya ɗora gizago a kan gungume sai ya ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa ya saurara. Idan ganga ko kalangu zai sassaƙa, itacen da ke amsa masa yake nema, irin su alilliba. Idan turmi ne, sai ya nufi ƙirya, wadda za ta jure dukan taɓarya shekara da shekaru ba ta tsage ba. Allon almajiri kuwa tun kaka da kakanni na aduwa ne. Mu mutane ne da suka tashi da sanin cewa kowace bishiya da muryarta. Saboda haka ranar da aka ce mana akwai abin sauraren da aka yi da itace, kuma wai sautinsa ya fi na roba daɗi da ɗumi, ba mu buƙatar dogon bayani kafin mu yarda.

Abin da nake nufi shi ne babban abin sauraren nan da ake ɗorawa bisa kai ya rufe kunnuwa biyu ruf, wanda a nan muke kira kaske, sunan da muka aro daga Faransanci, kamar dai hular masu babur. Ba ƴan ƙananan da matasa ke cusawa cikin kunne ba. Kaske yana da ƙoƙo biyu, kowanne da ƴar lasifika a ciki, da matashi mai laushi da ke kewaye kunne, da maɗaurin ƙarfe da ya ratsa ta saman kai ya haɗa su. Galibin waɗanda ke cikin kasuwanninmu ƙoƙonsu na roba ne. Sai dai akwai wani ɗan rukuni, mai tsada, da ake sassaƙa ƙoƙon da itace, kuma masu sonsa suna magana a kansa kamar yadda masu doki ke magana a kan sirdi.

Japanawa ne suka ɗaga darajar wannan rukuni. A 1989 kamfanin Sony ya fitar da samfurin MDR-R10, wanda aka sassaƙa ƙoƙonsa da itacen keyaki mai shekara wajen 200, aka sa masa farashin yen 360,000, kuma guda 2,000 ko kusa da haka kawai aka yi. Daga 1996 Audio-Technica ya shiga fitar da jerin nasa na itace. A Amurka, wani kamfanin iyali da ke Brooklyn tun 1953, Grado, ya zaɓi acajou, wanda dangi ɗaya ne da maɗacinmu. A 2012 Fostex ya kawo TH900, da ƙoƙon da aka shafe da urushi, ƙaron wata bishiya da Japanawa suka daɗe suna shafa wa akusa da akwatuna har su yi sheƙi kamar madubi. Daga baya kuma, a 2015, wani ƙaramin kamfani mai suna Meze, a garin Baia Mare na ƙasar Romaniya, yankin da ya shahara da sassaƙar ƙofofi da gine-ginen katako, ya fito da 99 Classics na itacen noyer, a kan dala 300 da ƴan kai. Shi ne ya sauko da abin daga hannun attajirai zuwa inda ma'aikaci zai iya hangensa, ko da daga nesa.

Nawa na hannu ne, ba sabo ba. Wani tsohon ɗalibina da ya dawo daga karatu a Faransa ya kawo mini shi, ya ce: "Malam, na tuna yadda kake manna kunne a jikin rediyo-kaset kana rubuta waƙa, ga wannan ka huta." Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, don ba talla na zo yi ba, ba kuma ƙara na kawo ba. Ƙoƙonsa itace ne mai duhu, da zane-zanen jijiya irin waɗanda ba ka samun biyu iri ɗaya. Shekara shida ke nan ina aiki da shi kusan kullum: ina shirya darasin saurare na Faransanci, ina kuma rubuta baitocin makaɗa daga tsofaffin kasusuwan da aka juye zuwa kwamfuta, domin ajin Hausa. Abin da waɗannan shekaru suka nuna mini shi ne aikin itace a jikin kaske kishiyar aikinsa ne a jikin ganga.

A kayan kiɗa, ana son jikin abin ya shiga maganar. Idan aka taɓa tsirkiyar molo, motsin yana sauka kan fata, kwamin itacen da iskar da ke cikinsa su karɓa su ƙara masa kauri. Biram ɗin Buduma na tafkin Cadi, mai tsirkiya biyar da jiki kamar kwalekwale, wanda marigayi Malam Maman Barka ya ceto daga ɓacewa kafin rasuwarsa a 2018, amonsa daga wannan babban ciki yake fitowa. Kaske kuwa ba makaɗi ba ne, ɗan aike ne. An ba shi saƙon da wani ya riga ya kaɗa, ana so ya isar da shi yadda yake. A cikin kowane ƙoƙo akwai maganaɗisu, da siririn naɗin waya, da wani tantani mai faɗin milimita 40 ko 50. Lantarki ya bi ta wayar, tantanin ya yi gaba ya yi baya, daga sau 20 har zuwa sau 20,000 a daƙiƙa guda, ya tura iska zuwa dodon kunne. Nan ne sautin yake. Duk wani abu da ya girgiza ban da wannan tantani, ƙari ne a kan saƙon, kuma ɗan aiken da ke ƙara nasa a cikin saƙo mun san sunansa.

To amma tantani fuska biyu gare shi. Yadda yake tura iska gaba, haka yake tura ta baya, cikin ƙoƙon. Idan ƙoƙon rufaffe ne, wannan sautin na baya yana bugun bango ya dawo, ya bi ta tantanin ya gauraya da na gaba, ya ƙara wa wasu amo ƙarfi ya rage wa wasu. Masu ƙira suna yaƙi da shi ta hanyar girman ƙoƙon da siffarsa, da ƴan ƙananan hudoji, da ulu ko soso da suke shimfiɗawa a ciki don ya shanye amsa-kuwwa. A nan itace yake da amfaninsa na gaskiya: yana da tauri ba tare da nauyi mai yawa ba, kuma idan aka buge shi karkarwarsa tana mutuwa da wuri. Ka ƙwanƙwasa akushi, ka ƙwanƙwasa tasa, za ka ji wanda ya fi daɗewa yana kuka. Wato abin da ake nema wurin itacen shi ne ya iya yin shiru. Roba mai kauri da aka ƙera da kyau ita ma tana iya wannan shirun, shi ya sa kaskunan da ake aiki da su a ɗakunan ɗaukar sauti da gidajen rediyo kusan duka na roba ne da ƙarfe. A samfuran da bayansu ke buɗe kuma, irin na Grado, inda raga ce kawai a baya sautin ya fice abinsa, itacen zobe ne da ke riƙe da lasifika, rabonsa a cikin abin da kunne ke ji ya ƙara ƙanƙancewa.

Ko a kayan kiɗan ma, ba kowane sashe na itace ne ke da ta cewa ba. A 1862 Antonio de Torres, mutumin Sifen da ya ba gita siffar da take da ita a yau, ya haɗa wata gita da bayanta da gefunanta na kwali, fuskarta kaɗai ya yi da itace mai kyau, kuma ta yi kiɗa. Tana ajiye a gidan tarihin kiɗa na Barselona. Mu ma muna da namu misalin, wanda ya fi wannan kusa: kuntigin Ɗan Maraya Jos, da ya rasu a 2015, gwangwanin kifi ne aka rufe da fata aka ɗaura masa tsirkiya ɗaya, kuma da shi ya riƙe kunnen ƙasar Hausa fiye da shekara 40.

Abin da ya tabbatar mini da wannan magana a aikace matashin kunne ne. Irin fatar da ake rufe yawancinsu da ita ta roba ce, wadda zufa da zafi ke cinyewa. A bazara ta uku tawa ta fara sāɓa, ina cire kaske in tarar da baƙin ɓawo a kumatuna kamar na yi aikin gawayi. Sayo sabo daga Turai, da kuɗin aike, ya kusa kuɗin buhun hatsi. Sai na ɗauki tsofaffin na kai wa wani baduku a kasuwa. Ya juya su, ya matsa soson da babban yatsa, ya ce wannan ai wasan yara ne, ya ɗinka mini sababbi da fatar jar akuya, irin ta Maraɗi da ta yi suna har ƙetaren hamada. Ɗinkin ya fi na asali kyau nesa ba kusa ba. Da na ɗora a kai kuwa, sai na ji kamar an canza mini na'urar gaba ɗaya. Kaurin ganga ya ƙaru har yana danne muryar mawaƙi, saboda fatar gaske ta kama fuska ta toshe duk wata kafar iska, sabon soson kuma ya fi tsohon tudu, ya nisanta lasifika daga kunne. Na koma wurinsa, muka rage tudun, ya huda ƴan ramuka ta ciki da basilla, muryar ta dawo gaba. Itacen bai motsa daga inda yake ba duk tsawon wannan lokaci. Milimita uku ko huɗu na soso da ƴan hudoji sun yi abin da ban yi tsammanin sauya noyer da acajou zai taɓa yi ba.

Mai tabarau ya san wannan ko ba a gaya masa ba: sandar tabarau tana ɗaga matashin kaɗan, iska ta sami hanya, kaurin sauti ya zube. Cire tabarau, ganga ta dawo.

Ba ina cewa kaskena ba shi da daɗin ji ba ne. Yana da shi, kuma daɗin ya yi mini aiki. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Kalmar da muke rubutawa "fari" tana iya zama launi, ko rashin ruwan sama, ko ƙwarin da ke cinye gona, ko farkon abu, kunne ne kaɗai ke raba su. A magana ta yau da kullum mahallin zance yana taimako. A waƙar da aka ɗauka shekara 50 da suka wuce, da kalangai suna tashi, ƴan amshi suna shigowa kafin uban waƙa ya rufe baki, ga kuma sowar tsohon kaset, mahallin kansa sai an yi kokawa kafin a kama shi. A nan ne na ga bambanci tsakanin abin saurare mai kyau da na banza. Ina jin inda ƙ ta fashe da inda k ce kawai, ina jin lokacin da makaɗi ya matse igiyoyin kalangu a hammata murya ta hau, har numfashin da Shata ke ja kafin ya shiga sabon ɗa ina jinsa. Akwai baitocin da na yi shekaru ina barin gurbinsu da ɗige-ɗige, na cike su a dare guda. Sai dai wannan kyauta ce ta tantani da maganaɗisu da hankalin wanda ya daidaita su. Ɗumin da ake jingina wa itace, gwargwadon abin da kunnena ya ba ni, zaɓi ne na mai ƙira: ya ɗan ɗaga kaurin sauti, ya ɗan sassauta siririn, domin ya san abin da mai sayen itace ke sa ran ji.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. A wannan kasuwa karin maganar ta zama gaskiya ta hanyar da masu ita ba su nufa ba. Ido ya ga sheƙin katako, hannu ya shafa, aljihu ya tuna abin da ya fitar, kafin a kunna komai kunne ya riga ya karɓi umarni. A 2017 wani mai bincike, Jeroen Breebaart, ya auna abubuwan saurare 283 masu farashi iri-iri, ya tarar kusan babu dangantaka tsakanin kuɗin abu da yadda yake rarraba ƙarfi tsakanin kauri da siririn sauti. Wannan ba ya nufin duka ɗaya suke. Yana nufin farashi ba ya gaya maka wanne ne zai faɗa maka gaskiya. Ga wanda ke zaune a ƙasar da mafi ƙarancin albashi bisa doka ya koma jika 42 a 2024, maganar tana da nauyi, domin yuro 300 kusan jika 200 ne.

Batun daɗin sawa kuwa, waɗanda suka ƙera waɗannan abubuwa a ƙasashen sanyi suka gwada su. Nauyi shi ne na farko da wuya ke lura da shi. Na Meze giram 260 ne, tsohon na Sony wajen 400, akwai kuma masu zoben itace da suka haura 500, rabin kilo a bisa kai. Amma na lura nauyi ba ya damuna kamar inda aka sauke shi. Idan maɗaurin yana da faffaɗan gammo da ke raba kayan ko'ina, sa'a uku ba komai ba ce. Idan siriri ne, cikin rabin sa'a tsakiyar kai ta fara ƙorafi. Duk macen da ta taɓa ɗaukar tulu ta riga injiniyoyi sanin haka. Sannan akwai matsi: ya yi sako-sako sauti ya zube, ya yi tsanani muƙamuƙi ya yi tsami. Ga hula, wadda dole a tuɓe ta, abin da dattijo ba ya so a gaban baƙi. Abokiyar aikina da ta ara ta mayar mini washegari, ta ce ɗaurin kallabi da sabon kitso ba su san da zamansa ba.

Babban abokin gaba dai shi ne zafi. Daga Disamba zuwa Fabrairu kaske abokin hira ne, har kunne yake ɗumamawa da asuba. A Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ya haura digiri 40 kuma wuta ta ɗauke, minti 20 ya isa ka ji kunnuwanka suna dahuwa. Itacen bai da laifi a nan, bai kuma da taimako. Rufaffen ƙoƙo rufaffe ne ko da me aka yi shi. Abu ɗaya da zan ba shi: idan rana ta taɓa shi ba ya ƙuna a hannu kamar ƙarfe.

Rufewar tana da riba da hasara. Da yake tana tare hayaniyar babura da injin niƙa, ba na buƙatar ƙure ƙara, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abin da kunnen babba ke jurewa lafiya shi ne desibel 80 na sa'a 40 a mako. Ɗalibaina masu ƴan ƙananan na cusawa, waɗanda nake jin waƙarsu daga tebur na uku, sun wuce nan da nisa. Hasarar kuwa ita ce mai kaske ba ya jin sallama. A gidajenmu saurare abin tarayya ne: rediyo a gindin bishiya, kaset a fada ana zuba shayi, kowa na sa baki. Sau biyu maƙwabcina ya yi sallama uku ya juya, yana hango ni zaune ta ƙofar zaure, kuma sai da na taka har gidansa kafin fuskarsa ta saki. Yanzu da rana kunne ɗaya nake rufewa, biyun sai bayan an rufe gida.

Inda itace ya ci kuɗinsa a wurina shi ne wajen ƙira da tsufa. Roba idan ta tsufa ƙonewa take yi, ta yi fari, wata rana ta karye a gaɓa, ba mai gyara ta. Itace duhu yake ƙarawa, inda yatsa ke yawan taɓawa ya yi santsi, kamar ƙotar fartanya. Kuma da yake kamfanin da ya ɗauki wahalar sassaƙa ba ya son a yar da aikinsa, sau da yawa da ƙusoshi masu murɗawa ake haɗa irin waɗannan, ba da gam ba. Meze ma da wannan yake tallar nasa: kowane sashe ana iya kwance shi a sauya. Nawa wayarsa ciruwa take yi, sau biyu mai gyaran rediyo ya yi mata sabon kai. A garin da babu wakilin kamfani ko ɗaya, abin da ake iya kwancewa shi ne abin da zai rayu.

Sai dai itace ko an sare shi bai daina shan iska ba. Yana kumbura da damina, ya tsuke da hunturu, kuma ya fi tsukewa ta faɗi a kan ta tsawo, abin da ke sa ƙofa ta ƙi rufuwa a Agusta ta yi sako-sako a Janairu. Ƙoƙon da aka busar don iskar Turai ko Japan bai san iskar da ke tsaga leɓe da diddige ba. A hunturu na biyu wani siririn layi ya bayyana a ƙoƙona na hagu, daga bakin ramin waya, tsawon farce. Bai ƙaru ba tun da na daina barinsa kusa da taga, na koma ajiye shi cikin jakarsa a akwati, nesa da rana da ƙura. Sautin ɓangaren hagu bai canza ba ko kaɗan, abin da ya ƙara mini hujja a kan maganata ta baya.

Akwai tambayar da takardar talla ba ta cika amsawa ba, wato daga wane daji. Noyer da ceri ana shuka su ana sarewa bisa tsari a ƙasashensu. Amma kasuwar kayan alatu tana son itace mai ja da mai baƙi, irin na ƙasashe masu zafi, kuma mun ga abin da wannan sha'awa ke yi. Madobiya, wadda aka yi ta lodinta daga dazuzzukan Afirka ta Yamma zuwa Sin don yin kujeru da gadaje, ta shiga jerin bishiyoyin da yarjejeniyar CITES ta sa wa ido a cinikinsu daga farkon 2017, kuma a taron Panama na 2022 aka ƙara da maɗaci da kawo na Afirka. Gaskiya ne ƙoƙon kaske biyu ba su kai ƙafar kujera ɗaya ba, ba su ne suka share daji ba. Duk da haka, wanda ya ga yadda manoman Maraɗi da Damagaram suka yi shekara 40 suna renon tohon gawo a gonakinsu, ɗaya bayan ɗaya, yana da hakkin tambayar sunan bishiyar da zai ɗora a kunnensa.

Kwanan baya na nuna wa wani kafinta mai injin gurza ƙoƙon nan da ya tsage, na tambaye shi ko zai iya fitar mini da irinsa guda biyu da ƙirya ko kanya. Ya auna bakin da zurfin, ya leƙa ramukan ƙusoshi, ya ce gurzawar aikin yini ɗaya ce. Abin da ba shi da shi busasshen itace ne. Ya ce wanda ke hannunsa na bana ne, idan ya taɓa shi yanzu kafin shekara ta zagayo zai murɗe. Ya yanka guntu biyu na kanya, ya shafe bakunansu da kakin zuma, ya rubuta sunana da alli, ya jefa su saman rumfa, ya ce in dawo bayan hunturu biyu.